Dutse, Ruwa da Iska: Hoton Dogon Buɗi da Abin da Yake Shaidawa



Batun wannan lacca shi ne wani nau'in ɗaukar hoto wanda masu sana'ar suka fi yi a gaɓar teku mai duwatsu, inda iska ke kaɗawa ba dare ba rana. Mai hoto yakan kafa kyamararsa a kan dutse, ya buɗe idonta, ya bar shi a buɗe har sakan 30, ko minti 2, wani lokaci ma awoyi, sa'an nan ya rufe. Idan hoton ya fito, sai a ga duwatsu sun tsaya cak, kowace tsaga da kowane gurbi a jikinsu ana iya ƙirgawa, amma tekun nan da ke ta tumbatsa yana dukansu ya koma kamar hazo, ko kuwa madarar da aka zuba a ƙwarya ta kwanta. Da yake Hausa ba ta riga ta tsayar wa wannan aiki suna ba, za a kira shi dogon buɗi.

Mai sauraro yana da haƙƙin ya tambaya: me ya haɗa Sakkwato da teku, alhali daga nan zuwa Ikko tafiya ce ta kusan kilomita 1,000? Masana ilmin ƙasa za su ba da amsa guda, su ce farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ta taru ne a ƙarƙashin wani reshen teku wanda ya rufe wannan yanki kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, kuma har yanzu ana tsintar ɓawon halittun ruwa da ƙasusuwansu a duwatsun Dange da Wurno. Wannan amsa tana da daɗin ji, amma ba ita ce hujjar laccar ba. Hujjar ita ce, Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a yau hoto ya zama shaida a ofis, da kotu, da ɗakin karatu. To, babu wani nau'in hoto da ya kai dogon buɗi nuna cewa kyamara takan zaɓi abin da za ta faɗa da abin da za ta yi shiru a kansa. Wanda ya fahimci yadda teku ke zama madara a takarda ba zai ƙara karɓar hoto da ido rufe ba.

Asalin al'amarin tsoho ne. Malamin nan Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa, ya zana surar abin da ke waje a bango, kai a ƙasa. Kyamara ita ce wannan ɗaki, an dai ƙanƙanta shi, an sa gilashi a kafar, an kuma ajiye wani abu mai jin haske a gurbin bangon, ko fim ne ko farantin lantarki na kyamarorin zamani. Abin lura shi ne wannan faranti tara haske yake yi, kamar yadda randa ke tara ruwan indararo. Idan ruwan sama ya yi ƙarfi, randa ta cika nan da nan. Idan yayyafi ne, sai an jira. Kuma duk ruwan da ya zuba a randa ya gauraye ke nan, ba mai iya ware na farko daga na ƙarshe.

Hotunan farko duka na dogon buɗi ne, bisa tilas. A 1826 ko 1827, watau daidai lokacin da Baturen nan Clapperton ya komo Sakkwato karo na biyu wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wani Bafaranshe mai suna Niépce ya ajiye farantin ƙarfe a tagar gidansa. An daɗe ana cewa awa 8 ya bar shi, wasu masu bincike kuwa suna ganin kwanaki ne. Ko wanne ne, rana ta isa ta zagaya, har ta haska gine-ginen ta ɓangarori biyu, abin da idon mutum bai taɓa gani a lokaci guda ba. A 1838, shekara guda bayan rasuwar Bello a Wurno, Daguerre ya ɗauki wani babban titi na birnin Paris mai suna Boulevard du Temple. Titi ne mai cunkoson kekunan doki da masu tafiya a ƙasa, amma da yake buɗin ya ɗauki mintoci, hoton ya fito fayau kamar garin da aka yi wa ƙaura. Mutum biyu kaɗai suka tsira a ciki: wani da ya tsaya ana goge masa takalmi, da mai gogewar. Duk masu gaggawar birnin, da attajirinsu da talakansu, sun shuɗe ba su bar ko inuwa ba. Dattawan da ke wannan zaure sun ga ragowar wancan zamani, lokacin da mai hoto kan lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya cire murfin akwatinsa da hannu, ya ce kada kowa ya motsa, ya yi ƙirga a zuci, ya mayar. Yaron da ya juya kai sai ya fito da fuska biyu.

Saboda haka burin magabatan sana'ar shi ne su gajarta lokacin, kuma teku ce babbar jarrabawarsu domin ba ta jin umurnin tsayawa. A 1856 da 1857 Gustave Le Gray ya ba mutanen London da Paris mamaki da hotunan teku waɗanda aka ga raƙuman ruwa a cikinsu sun daskare, musamman wanda ya ɗauka a Sète, a gaɓar Bahar Rum, inda ruwa ke fashewa a kan duwatsu. Amma fa ya yi dabara. Sama ta fi teku haske nesa ba kusa ba, farantin gilashin zamaninsa kuma ba ya iya ɗaukar su biyun daidai, don haka a wasu hotunan ya ɗauki sama dabam, teku dabam, ya haɗa su wajen bugawa. Tun ana goyon sana'ar ke nan aka fara gyara shaidarta. Bayan an ƙirƙiro busassun faranti a shekarun 1870, da kyamarar Kodak a 1888, sauri ya zama ruwan dare, har ya kasance lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903 ana iya ɗaukar doki yana tafiya. Sai kuma al'amari ya juya. Abin da na farko suka yi ta gudu, na baya suka koma nema da kuɗinsu. Hiroshi Sugimoto na Japan ya soma jerin hotunan tekunan duniya a 1980, ruwa rabi sama rabi, wasu na dare ya bar su har awa 3. Michael Kenna na Ingila yakan kafa kyamara da dare ya bar ta har kusan awa 10.

Ba lalle sai an je Turai ko Japan ba kafin a sami irin wannan gaɓa. Bakin teku na Ikko yashi ne, amma wanda ya bi sawun fataken goro zuwa Gana zai tarar da ganuwar Cape Coast a zaune kan duwatsu ruwa yana dukan gindinta, haka nan ta Elmina wadda Fotugis suka gina a 1482. A Dakar ta Sanagal kuwa akwai Almadies, ƙarshen ƙasar Afirka ta yamma, da Ngor, inda baƙaƙen duwatsun aman wuta suka kutsa cikin Tekun Atlantika, iskar arewa tana busawa watanni a jere. A irin waɗannan wurare ne ya kamata a tsaya a duba lissafin aikin.

Manyan raƙuman ruwa da ke isowa gaɓar Afirka ta Yamma sun taso ne daga guguwar Tekun Atlantika, kuma tsakanin ɗaya da mai bi masa yakan kai sakan 10 zuwa 15. Wannan tazara ita ce ma'aunin mai hoto. Idan ya buɗe na kashi 1 cikin 500 na sakan, zai kama ɗigon ruwa a sama kamar tsakuwa. Idan ya buɗe rabin sakan ko sakan guda, kumfar da ke janyewa tsakanin duwatsu za ta zana farin zare, a ga inda ruwa ya bi da ƙarfin da ya bi da shi. Masu idon sana'a da yawa suna ganin nan ne hoto ya fi faɗin gaskiyar teku, kuma ra'ayinsu yana da ƙarfi. Idan ya kai minti 2, to, raƙumi wajen 10 sun zo sun fashe sun koma a cikin randa guda. Tudun wannan ya cike kwarin wancan, abin da ya rage shi ne matsakaicinsu, watau shimfiɗa. Farin da ake gani kewaye da dutse kuwa kumfa ce: ta fi ruwa haske ƙwarai, saboda haka duk inda ta taɓa, ko da na ɗan lokaci ne, takan bar rabonta, alhali baƙin ruwa ba ya iya goge abin da fari ya riga ya rubuta. Wanda ya duba hoton zai rantse an yi lumana a ranar, mai hoton kuwa ya koma masauki jiƙe sharkaf.

Matsalar ita ce da rana randa takan cika tun kafin a ƙifta ido. Da tsakar rana, in an tsuke kafar haske zuwa lamba 16, kuma ƙarfin jin hasken faranti yana kan 100, buɗin da ya dace bai wuce kashi 1 cikin 100 na sakan ba. Don haka ake sa wa kyamara baƙin gilashi, kamar tabarau na masu walda. Ana auna duhunsa da mataki, kowane mataki yana rage rabin haske. Gilashi mai mataki 10 ya rage haske sau 1,024 ke nan, sai kashi 1 cikin 100 na sakan ya zama sakan 10. Da yamma, inda buɗin yau da kullum ya sauka zuwa kashi 1 cikin 8, gilashin nan zai mai da shi minti 2 da 'yan sakanni. Ana tsara hoton a daidaita gani tukuna, sa'an nan a sa gilashin, domin bayan an sa shi ba a ganin komai. Wanda ba shi da gilashi ya jira bayan faɗuwar rana ko kafin fitowarta, ya sami duhun kyauta. Wayoyin hannu da dama a yau suna yin wannan aiki ta wata hanya, su ɗauki gajerun hotuna masu yawa su narkar da su wuri guda, lissafin dai ɗaya ne.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka gwada shi da sha'anin iska. Ƙimar hoton gaba ɗaya ta rataya ne a kan dutse ya fito da kaifinsa, domin idan dutse ya dushe tare da ruwa, ba abin da ya saura sai hoton mai rawar hannu. Kuma motsin da ke ɓata hoto ƙanƙane ne ainun: a kan fim mai faɗin milimita 35, idan sura ta gusa fiye da kashi 3 cikin 100 na milimita, watau abin da bai kai kaurin gashin kai ba, ido zai gane. Kyamara kuwa dole ta riƙe wannan natsuwa minti 2 cur a wurin da iska ke fizgar rigar mutum. Sa'an nan ƙarfin turin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. Idan gudun ya ninka biyu, turin ya ninka huɗu. Shi ya sa bugun iska guda na sakan 3 ya isa ya lalata haƙurin minti 4.

An ce iska tana wahalar da mai kayan kara, kuma mariƙin kyamara mai ƙafa uku, idan an miƙe shi iyakar tsawonsa, kayan kara ne. Gwanaye sukan gajarta shi har ya kusa gwiwa, su ware ƙafafunsa kamar duwatsun murhu, su cusa kowace ƙafa a tsagar dutse, ba su kuma ɗaga sandar tsakiya ko kaɗan. Ana rataya jaka mai nauyi a ƙarƙashinsa, amma da sharaɗin ta taɓa ƙasa, domin jakar da ke lilo ta fi rashinta illa. Igiyar rataya kyamara a wuya, wadda ba mai kula da ita, takan yi ta kaɗawa tana bugun ƙarfe, sai a cire ta ko a ɗaure. Mai hoto ya tsaya ta inda iska ke fitowa ya zama garkuwa, ba tare da rigarsa ta shafi mariƙin ba, abin da mai babbar riga zai yi wa tanadi tun daga gida. Ba a danna maɓalli da yatsa, sai da igiyar nesa ko agogon jinkiri na cikin kyamara. A kan jiƙaƙƙen yashi kuwa akwai wata yaudara: kowane raƙumi da ya janye yakan zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafafun, mariƙi ya yi ta nutsewa a hankali mai shi bai sani ba.

Iskar teku tana ɗauke da feshin gishiri, wanda ke rufe gilashi cikin 'yan mintoci, yana kuma cin ƙarfe idan ba a wanke da ruwan daɗi ba. Wannan asarar dukiya ce. Asarar da ta fi ta ita ce ta rai, kuma mutumin tudu ya fi kowa shiga hatsarinta, don bai saba da ruwan da ke cika yana janyewa sau biyu a yini da kwana ba. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da kimanin minti 25. Dutsen da aka taka a bushe da la'asar yana iya zama tsibiri kafin magariba. Dutse mai baƙin santsi alama ce ruwa yana kai masa, ko da a lokacin ba a ga ya kai ba, kuma masunta na kowace gaɓa sun san cewa jefi-jefi raƙumi guda yakan zo wanda ya fi 'yan'uwansa. Tambayarsu kafin a sauka ta fi kowane littafi amfani.

To, idan aka komo gida, ina mai koyo zai sami dutse da ruwa da iska a haɗe? Mafi kusa da gaɓar teku a ƙasar Sakkwato shi ne madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984. Tafkinta yana da faɗin da iska za ta tayar da igiyar ruwa, an kuma jera duwatsu a jikin bangon don kare shi daga dukanta. Da yake igiyoyin tafki gajeru ne, suna bin juna cikin sakan 2 ko 3, buɗin sakan 20 ya isa ya kwantar da su, ba sai an kai minti 2 ba. Madatsa kayan gwamnati ce, neman izini wajibi ne, haka nan bincika lafiyar hanya kafin a tashi. Akwai Tafkin Kware, akwai mahaɗar Rima da Gulbin Sakkwato a gindin tudun da birnin yake kai, inda da damina ruwa ke gudu a gindin gada. Wanda ke son dutse da gajimare kuwa, dutsen Kwatarkwashi kusa da Gusau zai tsaya masa cak, giza-gizan Agusta su zama zare a bisa kansa.

Abin da gishiri yake ga mutumin gaɓa, shi ƙura take ga mutumin Sakkwato. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta ta taso daga kwarin Bodele a Cadi. Ƙurar nan tana da kaifi. Wanda ya goge gilashi da ƙyalle bai fara hure ta ba ya kankare gilashinsa da hannunsa. Ba a sauya gilashin kyamara a fili, domin ƙwayar da ta sauka a kan faranti za ta fito baƙin ɗigo a kowane hoto, musamman in an tsuke kafar haske. Amma hazon yana da nasa alheri. Yana rage ƙarfin rana, yana shafe abin da ke nesa, sai giginya guda a bakin fadama ta tsaya ita kaɗai a farin fili, irin sauƙin surar da masu hoton ƙasashen sanyi ke tashi da asuba suna nema a cikin raɓa. Bazara ita ce mai wuya. A Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, farantin lantarki da aka bari a buɗe yakan ɗumama ya fesa ɗige-ɗige masu launi a hoto. Kyamarori da yawa suna magance wannan ta ɗaukar hoto na biyu ido a rufe, mai tsawon na farko, su cire ɗigon. Mai hoto ya sani buɗin minti 4 zai ci masa minti 8.

Dare ma yana da rabonsa. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, kuma da yake Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, tauraron da ke nuna arewa yana tsaye ne digiri 13 bisa gefen sama. Kyamarar da aka fuskantar da shi aka bari awa guda za ta nuna sauran taurari sun zana bakuna kewaye da shi. A farkon damina, idan hadari ya haɗo daga gabas, buɗin sakan 20 bayan sakan 20 shi ne hanyar kama walƙiya, domin ba yatsan da ke rigan ta. Amma wannan aiki ne na cikin rumfa mai aminci, ba na tsayawa a kan tudu da ƙarfe a hannu ba. Wani abin da zai kwantar da hankalin wasu ɗalibai shi ne, jumhurun malamai ba su hana surar abin da ba shi da rai ba, kamar dutse da ruwa da itace.

Saura maganar shaida, wadda ta fi shafar ma'aikata. A ɗauki bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake ƙirga farkonsa daga 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin. Dubban masunta sukan auka Matan Fada da homa da gora a lokaci guda. Da wani zai kafa kyamara a gaɓa ya buɗe minti 5, zai fito da kogi mai ɗan hazo a bisansa da itatuwan tsallake, ba masunci ko ɗaya da za a iya nunawa da yatsa. Lissafin a fili yake: mutumin da ya ratsa wani wuri cikin sakan 2, a buɗin sakan 120, rabonsa kashi 1 ne cikin 60 na hasken wurin. Mai farar riga a gaban duhu yana iya barin ɗan gizo, mai riƙe da fitila zai bar zare, mai baƙar riga ba zai bar komai ba. Ba a taɓa hoton da almakashi ko kwamfuta ba, ba a ƙara masa ƙwayar zarra ba, amma ya ɓoye dubban mutane. Irin wannan dabara ce masu ɗaukar gine-gine ke amfani da ita su kwashe jama'a daga gaban gini. Jami'in da aka kawo wa hoton fili, ko mashaya, ko burtali, aka ce masa ga shi ba mai amfani da wurin, ya kamata ya tambayi ranar da aka ɗauka, da sa'ar, da tsawon buɗin. Makiyayi da garkensa masu wucewa ne, kuma mai wucewa shi ne farkon wanda kyamara ke mantawa da shi. Ko gajeren buɗi ma yana da irin wannan zaɓi, domin wanda ya je mashaya da tsakar dare ya same ta ba kowa.

A ɗaya gefen, abin da dogon buɗi ya tabbatar yana da ƙarfi. Da yake yana kawar da ƙyalƙyalin ruwa da rawar igiya, layin da ruwa ya tsaya a jikin dutse ko ginshiƙin gada yakan fito sarai, kuma a buɗin sakan guda ko biyu zaren kumfa yana nuna inda gulbi ya karkata ƙarfinsa, watau gaɓar da yake shirin ci. Gulaben wannan ƙasa sun sauya a cikin rayuwar mutum guda. Bayan an gama madatsar Bakolori a 1978, ambaliyar da fadamun ƙasa da ita suka dogara a kanta don shinkafa da kamun kifi ta ragu. A watan Satumba na 2010 kuwa Rima ya yi ambaliyar da ta cinye ƙauyuka da gonaki, ta kuma yanke hanyar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da birni. Mai son sanin yadda fadamar Kwalkwalawa take kafin waɗannan shekaru zai dogara ne ga bakin dattawa da 'yan hotunan da aka ɗauka don wata bukata dabam.

Wannan giɓi ɗalibai suna iya hana shi faɗaɗa da ɗan abin da ke hannunsu. A zaɓi wurare kaɗan a bakin Rima da Gulbin Sakkwato, a sa wa kowanne alamar da ba ta gushewa, ginshiƙin gada ko wani dutse sananne, a riƙa komawa sau biyu a shekara, a ƙarshen Agusta da ruwa ya cika da kuma Afrilu da ya ƙafe, a kafa mariƙi a gurbi guda, a tsayi guda, a fuskanci jiha guda. Kowace zuwa a ɗauki biyu, gajere wanda zai nuna masunta da masu wanki da shanu, da dogo wanda zai nuna gaɓa da layin ruwa. Garin da ya gaji malaman da ba su karɓar labari sai sun san wanda ya ruwaito shi bai kamata ya ajiye hoto ba isnadi ba: a bayan kowanne a rubuta wurin, da ranar, da sa'ar, da tsawon buɗin, da sunan mai ɗauka. Kwafi guda ya tafi sashen nazarin ƙasa na jami'a, guda kuma Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, a buge a takarda, domin wayar da ke ɗauke da hoton ba lalle ta kai shekara 5 ba.